An kashe jijiyar turmina, yanzu likita ya ce sai an sa masa hula

Maman 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don Allah wanda ya sani ya taimaka mini. Wata biyu da suka wuce turmina na ƙasa, ɓangaren dama, ya hana ni barci kwana huɗu cur. Na danna kanumfari, na kurkure da ruwan gishiri mai ɗumi, na sha maganin kashe zafi har cikina ya fara ƙuna. Da na je asibiti aka ɗauki hoto, likita ya ce kogon ya ci har ya tarar da jijiya. Ya ce ko a cire haƙorin, ko a kashe jijiyar a wanke cikin a cike shi. Na zaɓi na biyu. Zuwa uku na yi, kuma alhamdu lillahi ciwo ya tafi kamar an zare ƙaya.

To ranar ƙarshe sai ya ce mini aiki bai ƙare ba, sai an sa wa haƙorin hula, wadda suke ce wa kirawun. Kuɗin da ya faɗa ya fi na aikin jijiyar, kuma inshorar wurin aikin maigidana ba ta biyan wannan. Baban yara ya ce tunda ba ciwo a bar shi haka. Innata kuma ta ce da tun farko cirewa aka yi da yanzu an manta da zancen. Ni na rasa na kamawa. Hular nan dole ce, ko ado ce kawai?

Dattijon Fagge:
Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ƙara sauƙi. Ni ina bayan mahaifiyarki. Na haura sittin, turamena uku aka cire a lokuta daban-daban, kuma har gobe ina cin tuwona. Haƙorin da ya riga ya ruɓe ya gama aikinsa. Kuɗin da za ki zuba masa ki saya wa 'yan biyu abin da zai amfane su.

Direban Babbar Mota:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma a nan zan saɓa maka, don ni abin ya faru a bakina. Anti, irin aikin da aka yi miki aka yi mini. Likita ya ce in dawo cikin wata guda a sa hula. Na ga ciwo ya tafi, ga hanya ba ta barin mutum ya zauna, yau Legas gobe Maiduguri, sai na yi ta cewa in na samu sarari. Shekara ɗaya da 'yan watanni ina tauna da shi lafiya lau. Ran nan muna cin shinkafa da wake a wata tasha, na taune ɗan tsakuwa, sai na ji ƙas. Ba wani zafi sosai a lokacin. Da na sa harshe na ji haƙorin ya rabu biyu, gefe ɗaya na motsi. Da na koma asibiti aka ce tsagar ta gangara har saiwa, babu abin da za a iya sai cirewa. Kuɗin jijiya ya tafi, haƙori ya tafi, ba tsuntsu ba tarko. Har yau abin na cina. Kada ki yi irin sakacina.

Maman 'Yan Biyu:
Subhanallahi. Sannu Yaya. Abin da nake tsoro ke nan.

Ɗan Kantin Kwari:
Ni dai gaskiya ina da zargi. Duk wanda ya shiga wajen likitan haƙori da matsala ɗaya sai ya fito da uku. An cike haƙori, ya daina ciwo, to me kuma ya rage? Mu 'yan kasuwa ne, mun san yadda ake ɗora wa mai saye kaya a kan kaya.

Likitar Haƙori:
Salamu alaikum. Na karanta duka, bari in sa baki. Alhaji na Kwari, zarginka ba laifi ba ne, zan dawo kansa.

'Yar uwa, ban ga bakinki ba, ban ga hotonki ba, don haka abin da zan faɗa na gaba ɗaya ne. Ki duba abin da ya samu turmin nan kafin yau. Ruɓa ta cinye wani sashe nasa. Likita ya kankare ruɓaɓɓen wurin. Sannan ya huda rufin haƙorin daga sama don ya kai ga hanyoyin jijiya, waɗanda a turmin ƙasa yawanci uku ne ko huɗu. Abin da ya rage shi ne bangaye sirara kewaye da ciko. Kuma turame su ne ke ɗaukar mafi yawan nauyin tauna. Duk lomar da kika tauna, cikon nan yana turawa kamar tsinke tsakanin bangayen, yana neman ya buɗe su. Wata rana ɗaya zai ba da kai. In an yi sa'a ya karye a saman dasashi, a gyara. In ba a yi sa'a ba ya tsage har saiwa, irin na ɗan uwanmu direba.

Kin taɓa ganin turmin daka da ya fara tsagewa aka ɗaure bakinsa da ƙarfe? Aikin hula ke nan. Tana rungume haƙorin ta kowane gefe, nauyin tauna ya sauka a kanta ya bazu. Aikinta na biyu kuma toshe hanya ne. Ciko yakan saki a gefensa da daɗewa, miyau da ƙwayoyin cuta su sulala su koma cikin saiwar da aka wanke, sai ka ga kumburi ya dawo bayan shekaru.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne rashin ciwo. An cire jijiyar da ke kawo rahoto ne, shi ya sa shiru. Haƙorin zai iya ruɓewa ko ya fara tsagewa ba ki ji komai ba.

Amma ba kowane haƙorin da aka kashe jijiyarsa ne ke buƙatar hula ba. Haƙoran gaba, in ba su yi asarar jiki da yawa ba, ciko mai kyau kan wadatar, don su yanka suke yi, ba niƙa ba. Akwai kuma rabin hula, wadda ke rufe saman turmi kaɗai ba tare da an fere shi duka ba. Ki tambayi likitanki ko naki zai karɓi wannan.

Alhaji, maganin zargi shi ne tambaya. Majiyyaci na da haƙƙin a nuna masa hotonsa, a ba shi madubi a nuna masa bango nawa ya rage. Yana da haƙƙin ya ɗauki hoton ya kai wa wani likita. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello suna da sashen haƙori, mutum zai iya zuwa ya ji ta bakinsu. Likitan da ya ji haushi don ka nemi ra'ayi na biyu, ni ma zan yi shakkarsa.

Ɗan Kantin Kwari:
To Likita, na ji. Amma ki gaya mini gaskiya, ba a taɓa sa wa mutum hula alhali bai buƙata ba?

Likitar Haƙori:
Ana yi, ba zan ɓoye maka ba. Na ga haƙoran gaba lafiyayyu da aka fere aka sa musu hula don kawai a samu farin murmushi, abin da wankewa ko ɗan gyara zai iya yi. Wannan yana ɓata mini rai ƙwarai, domin farin ɓawon haƙori in aka kankare shi ba ya sake tsirowa har abada. Amma turmin da aka kashe jijiyarsa ba ya cikin wannan sahun.

Dattijon Fagge:
Likita, Allah ya yi miki albarka. Amma ba ki amsa tawa ba. Ni da aka cire mini, me na rasa?

Likitar Haƙori:
Baba, ranka ya daɗe, in ka yarda ka duba madubi. Sau da yawa haƙorin da ke bayan giɓi yakan kwanto cikinsa, na sama kuma da ya rasa abokin karo yakan zazzago ƙasa a hankali. Abinci ya riƙa maƙalewa a sababbin tsakankanin da suka buɗe, ƙashin muƙamuƙi a wurin giɓin ya riƙa janyewa. Mutum ya koma tauna da gefe ɗaya bai ma lura ba. Tuwo zai ciwu, amma nama da ɗanyen ganye su fara gagara. 'Yarka kuma da sauran shekaru masu yawa na tauna a gabanta in Allah ya yarda. Cike giɓi daga baya, ko da gada, wato haƙorin haɗi da ake liƙa wa maƙwabtan giɓin, ko da dashen ƙarfe a ƙashi, ya fi hula tsada nesa ba kusa ba.

Duk da haka akwai inda cirewa ce daidai. In tsaga ta kai saiwa, ko dasashi da ƙashi sun saki haƙorin yana girgiɗi, ko abin da ya rage a saman dasashi bai kai milimita 1.5 zuwa 2 da hula za ta kama ba, to sa hula asarar kuɗi ce.

Dattijon Fagge:
Gaskiya ne, na baya ya kwanta, kuma kilishi na daɗe da haƙura da shi. Ban taɓa haɗa abin da cirewar ba. Amma har yanzu ina cewa talaka ya duba aljihunsa. Ba kowa ke da halin ceton haƙori ba.

Mai Haɗa Haƙora:
Baba ya faɗi gaskiya a kan aljihu, shi ya sa nake son in yi magana a kan iri-iri, don ni ne nake zaune a ɗakin haɗawa, likita ya aiko mana da awo mu ƙera. Mutane da yawa ana faɗa musu farashin mafi tsada su gudu, ba su san akwai na ƙasa da shi ba.

Akwai ta ƙarfe zalla, yawanci haɗin kobal da kuromiyam ko nikel da kuromiyam. Ita ce mafi araha, ba ta fashewa, kuma ba a fere haƙori da yawa kafin a sa ta saboda ko siririya ce tana da ƙarfi. Aibinta launi. Amma turmin can ƙurya wa ke leƙa shi? Ni da bakina ne, kuma kuɗi ya yi ƙaranci, ita zan sa ban ji kunya ba. Sai dai Anti, in kin san ɗan kunne ko sarƙar da ba zinare ba na sa miki ƙaiƙayi da ƙuraje, ki faɗa wa likita, don alama ce ta jikinki ba ya shiri da nikel, sai a kauce masa.

Sai mai ƙarfe a ciki da tangaran a waje. Ita aka fi yi a wurinmu, tun wajen shekarun 1960 duniya ke amfani da ita. Tana kama da haƙori, amma sai an fere kusan milimita 2 a saman turmi don ƙarfe da tangaran su samu wuri. Tangaran ɗin kan ɓantare, kuma in dasashi ya ja baya da shekaru sai a ga baƙin layi a gindi.

Sai zirkoniya, fara ce ba ƙarfe a ciki, ga ƙarfin tsiya, inji ne ke sassaƙa ta daga dunƙule bisa awon kwamfuta. Ita ce mai tsadar. Akwai ma injin da ke yin hula a zama ɗaya, CEREC, wanda aka fara gwadawa a Zurik ta ƙasar Suwizalan a 1985, amma ba ko'ina ake samunsa ba.

Abin da nake so kowa ya riƙe: kyan hula a bakinta yake, wato inda ta haɗu da haƙori a gindin dasashi. Ta ƙarfe mai araha da ta zauna ɗaram ta fi zirkoniyar da ta bar ƙofa. In awon da aka aiko mini bai fito da gefen nan sosai ba, nakan mayar a sake, ko da likita zai yi fushi.

Maman 'Yan Biyu:
Na gode Malam. Wallahi ban san akwai zaɓi ba, farashi ɗaya aka faɗa mini. Feren nan da zafi? Kuma kwana nawa ake yi?

Mai Haɗa Haƙora:
Naki ba jijiya, don haka da wuya ki ji wani abu, sai dai a yi miki 'yar allura saboda dasashi. Zama biyu ne galibi. Na farko a fere, a ɗauki awo, a zaɓi launi, a liƙa miki ta wucin gadi ta roba. Bayan mako ɗaya ko biyu ki dawo a gwada ta gaske a liƙe da siminti. Tsakanin nan ki guji cingam da alawa mai danƙo, suna tsige ta wucin gadin. Ranar gwaji kuma kada ki ji nauyin likita. In kin haɗa baki kin ji ita ke fara taɓawa kafin sauran haƙora, ki faɗa a rage tun kafin ki tashi daga kujera.

Hajiya Babba:
Ni duk wannan bayani ya tuna mini da haƙorin Makkata. Shekarar da na sauke farali, kusan duk matan da muka tafi tare sai da muka sa. A lokacin abin alfahari ne, kina murmushi an san kin je. Wani mutum ne a wani ɗan shago ya goga haƙorina na gefe da wani abu, ya zaɓo kwanso a cikin gwangwani, ya shafa magani ya danna. Ko minti ashirin ba a yi ba. Haƙorin nan lafiyarsa ƙalau kafin ranar. Bayan wasu shekaru na fara jin wari, dasashin wurin na jini in na yi aswaki. Jikata ce ta matsa aka kai ni asibiti. Da aka ɓalle shi, abin da ke ƙasa ya yi baƙi ya yi laushi. Sai da aka kashe jijiyar aka yi mini hular gaske. Ba na nadamar zuwa, Allah ya karɓa mana, amma ina nadamar haƙorin. Yanzu duk 'yar da za ta tafi nakan ce mata ta dawo da dabino da zamzam, ta bar bakinta yadda Allah ya yi shi.

Uwargida daga Maraɗi:
Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Amma tawa mahaifiyar nata ya fi shekara ashirin bai taɓa damunta ba. Kada a sa mutane su ga kamar duk mai haƙorin Makka ta yi kuskure. Iyayenmu ne, kuma da farin ciki suka sa.

Likitar Haƙori:
Yaya, babu mai aibata iyayenmu. Wasu kan dace, musamman masu tsaftar baki da waɗanda ba su cika shan zaƙi ba. Matsalar ita ce kwanson nan ba a kan awon haƙorin mutum aka ƙera shi ba, don haka gefensa ba ya zama daidai, abinci na shiga ƙasa inda buroshi da aswaki ba sa kaiwa. Ƙarfe kuma yana rufe ruɓar, ido ba ya gani. Ki kai Mama a duba mata gindinsa ko da ba ya ciwo. In lafiya ne a bar mata abinta.

Direban Babbar Mota:
Tunda an zo nan, Allah gafarta Malam yana cikin zauren nan? Namiji zai iya sa ta zinare? Kuma alwala da wanka fa, tunda ruwa ba ya taɓa haƙorin?

Malamin Islamiyya:
Ina nan ina karantawa. Asali zinare haramun ne ga maza don ado, halal ne ga mata. Amma malamai sun yi sauƙi wajen lalura, hujjarsu hadisin Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke masa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, sai Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya umarce shi ya sa na zinare. A kan wannan suka halatta ɗaure haƙori da zinare in buƙata ta kama. Yau da akwai tangaran da sauran ƙarafa masu yin aikin, abin da ya fi ga namiji ya ɗauki waɗancan.

Kurkurar baki kuwa a mazhabar Malikiyya sunna ce, a alwala da wanka duka, kuma hular da aka liƙe ta zama kamar sashen baki, ba a neman ka cire ta. Hanin da ya zo a kan masu fere haƙora don yin wushirya, na neman ƙawa ne da canza halitta. Wanda aka fere masa don magani bai shiga ciki ba. Allah ne mafi sani.

Malamar Firamare:
Likita, ni ɗana mai shekara biyar aka ce za a sa wa ta ƙarfe a turminsa. Na ce yaron da zai yi famfara?

Likitar Haƙori:
Haƙoran gaba ne ke zuba da wuri, 'yar uwa. Turamen yara sai wajen shekara 10 zuwa 12 suke faɗuwa, kuma su ke riƙe wa na dindindin wuri. In an cire da wuri sai na baya ya matso, sabon ya rasa inda zai fito. Ta yara a shirye take zuwa, zama ɗaya ne, kuma tana faɗuwa tare da haƙorin in lokacinsa ya yi.

Ɗan Kantin Kwari:
Wani yaron shagona hularsa ta fita yana shan rake, ya mayar da ita da sufa gulu.

Likitar Haƙori:
Innalillahi. Don Allah Alhaji ka turo shi asibiti gobe. Gam ɗin nan yana ƙona dasashi, kuma in hular ta zauna a karkace ba a iya cire ta sai an yanka. Duk wanda tasa ta fita ya wanke ta ya adana, ya kai wa likita cikin 'yan kwanaki, sau da yawa ita ɗin ake mayarwa. Amma dole a duba dalilin fitarta, don wani lokaci ruɓa ce ta ci ƙasa.

Maman 'Yan Biyu:
In an sa, shekara nawa take yi?

Likitar Haƙori:
Da yawa suna kai shekara 10 zuwa 15, wasu su wuce haka sosai. Ita hular ba ta ruɓewa, haƙorin da ke ƙarƙashinta ne ke ruɓewa daga gindi. Ki riƙa goge wurin da man goge baki mai fuloraid safe da dare, ki sa zaren sakace tsakaninta da maƙwabtanta. Ban da fasa ƙashi, ban da tauna ƙanƙara da busasshiyar aya a kanta, ban da buɗe kwalba da baki. In Baban yara ya ce kina gurza haƙora cikin barci, ki faɗa wa likita a yi miki robar da ake sawa a kan haƙora lokacin kwana.

Maman 'Yan Biyu:
Salamu alaikum, na dawo da labari. Na nuna wa Baban yara abin da Yaya direba ya rubuta, ya yi shiru, ya ce mu je tare. Jiya muka koma. Na roƙi likita ya nuna mini, ya ba ni madubi, na ga bango biyu ne kawai suka rage, ɗaya ma siriri ƙwarai. Na tambayi rabin hula, ya ce nawa ya wuce nan. Na tambayi ta ƙarfe, ya ce za ta yi, kuma kuɗinta ya sauko inda za mu iya. Na gaya masa zancen ɗan kunne, don ni ma yana sa mini ƙaiƙayi, ya rubuta wa masu haɗawa a yi marar nikel. An fere, an ɗauki awo, yanzu ta roba ce a bakina, ranar Alhamis ta sama zan koma. Inna har yanzu tana cewa da an cire, amma ta yi mini addu'a. Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri.

Likita, tambaya ɗaya: dasashin wurin yana ɗan yi mini tsami tun jiya. In ci gaba da goge shi ko in bari?

Likitar Haƙori:
Ki ci gaba da gogewa a hankali da buroshi mai laushi, ki kurkure da ruwan gishiri mai ɗumi. Zaren sakace kuma ki zare shi ta gefe, kada ki fizgo shi sama ya tsige robar. In ya wuce kwana uku ko huɗu bai lafa ba, ko kin ga kumburi, ki koma kada ki jira Alhamis.

Dattijon Fagge:
Allah ya sa a dace 'yata. Likita, ni ma zan shigo a duba mini na bayan nan da ya kwanta.